Kafin ki sayi shamfu, duba gashin da ya maƙale a matajinki

A kasuwar Sabon Gari ko shagunan Samaru, kusan duk kwalbar shamfu za ki ga hoton mace da gashi har gadon baya. Amma shamfu ba ya tsirar da gashi. Aikinsa wanke fatar kai, minti uku ko biyar yake yi a kanki a ɗauraye shi. Gashi kuwa daga can cikin fata yake fitowa, kimanin santimita 1 a wata, namu na baƙar fata ma yakan ɗan gaza haka. Shamfu mai kyau dai yana hana gashin da ya riga ya fito karyewa, yana kuma tsabtace fatar da yake tsirowa a kai.

Saboda haka fara gane matsalarki. Bayan tsifa, ɗauki silin gashi daga mataji ki duba shi a haske. In dogo ne, kuma akwai ɗan farin ɗigo a gindinsa, zubewa ya yi daga tushe. Zubar sili 50 zuwa 100 a rana ba ciwo ba ne, kuma in kitso ya yi sati uku a kai, duk na kwanakin nan ranar tsifa zai fito lokaci guda. In kuwa guntaye ne, babu farin ɗigon, karyewa yake yi. A nan ne zaɓen shamfu yake da tasiri sosai.

Gashinmu a nannaɗe yake, maiƙon da fata ke fitarwa ba ya iya gangarawa har ƙarshen sili, shi ya sa yake saurin bushewa. Ga hunturun Zariya, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iska busasshiya da ƙura. Juya kwalbar ki karanta jerin sinadaran da ke bayanta. In Sodium Lauryl Sulfate ne ya biyo bayan ruwa, wannan yana da ƙarfin wanki, zai kwashe maiƙon kaf ya bar gashi ƙeƙasasshe. Sodium Laureth Sulfate ya fi shi sauƙi, waɗanda aka haɗa da Cocamidopropyl Betaine ko Decyl Glucoside sun fi duka laushi. Ki riƙa amfani da mai laushin duk sati ɗaya ko biyu, mai ƙarfin kuma sau ɗaya a wata don cire man da ya taru. Yawan kumfa ba shi ne alamar inganci ba.

Sabulun wanki, omo da kanwa kada su taɓa kanki. Ko sabulun salo, duk da amfaninsa a jiki, yana buɗe ɓawon silin gashi ya sa shi kaushi da cukurkuɗewa. Karkashi da iyayenmu ke jiƙawa su wanke kai da shi ya fi su nesa ba kusa ba, yauƙinsa yana warware gashi, mataji ya wuce ba tare da fizga ba. Sai dai ba ya cire man gashi mai kauri, don haka ki bi da shi bayan shamfu, kuma ki tace shi da kyau.

Wajen wankin, raba gashin gida huɗu, ki jiƙa da ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba. Cokalin shayi biyu na shamfu ya isa, ki dama da ɗan ruwa ki shafa a fatar kan, ki murza da tsokar yatsu, ban da farce. Bayan ɗauraya ki sa kwandishana minti biyar, ki taje da mataji mai manyan haƙora daga ƙarshe zuwa gindi, sannan ɗan man kaɗanya tun gashin yana da danshi. Don Allah kada ki ɗaura ɗankwali da hijabi a kan jiƙaƙƙen kai. Danshi da zafi su ne abin da amosani yake so.

Mai amosani, wato ƙaiƙayi da farin gari, shamfun magani take buƙata: mai Ketoconazole kashi 2 cikin ɗari kamar Nizoral, ko mai Selenium Sulfide kamar Selsun. Sau biyu a sati, na sati biyu zuwa huɗu, kuma a bar shi minti 3 zuwa 5 kafin ɗauraya. Wasu masu cewa bai yi musu aiki ba, shafawa suke yi su wanke nan take. A daina lafta mai a fatar kai a lokacin, domin ƙwayar cutar da ke kawo amosani da maiƙo take rayuwa. Ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, jabu sun yi yawa.

Akwai zubar da babu shamfun da zai taɓa ta. Mai jego takan ga gashi yana fita dunƙule-dunƙule wata biyu zuwa huɗu bayan haihuwa, kuma yawanci yakan dawo da kansa kafin shekara. Haka ma bayan taifot ko zazzaɓi mai tsanani. Ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo su ma suna zubar da gashi, amma sai an yi gwaji a asibiti. Goshin da ya cinye kuwa yawanci kitso ne, musamman ƙanana masu tsauri da ƙarin gashi mai nauyi. In kika tashi daga gaban makitsiya da ƙuraje a gefen kai ko ba kya iya ɗaga gira, a sassauta shi ranar, don in tushen ya mutu ba ya dawowa.

Sanƙon maza na gado maganin Minoxidil ne ake shafawa, yana ɗaukar wata uku zuwa shida kafin a ga canji, kuma da an daina zubar ta dawo. Mai ciki da mai shayarwa su guje shi. Yaron da makero ya ci wa kai, shamfu yana rage yaɗuwa ne kawai, sai an haɗa da maganin sha na makonni wanda likita zai rubuta. Shi da duk wanda ya ga fili sumul kamar kwabo a kansa, ko ƙuraje masu ruwa, su nemi likitan fata a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, kuma kada a haɗa mataji ko hula da sauran yaran gida.