Ranar rataye ayyuka, jajibirin baje koli

Alhamis. Gobe bayan an sauko daga Juma'a za a buɗe baje kolin masu zane na yankinmu a zauren cibiyar al'umma, don haka yau ce ranar rataye. Hazo ya sauka tun asuba. Wanda ya taɓa shirya irin wannan a Kano da hunturu ya san ƙura ce babbar damuwa, kuma shara da busasshiyar tsintsiya tayar da ita kawai take yi ta koma jikin bango. Sai da aka yayyafa ruwa a daɓe, aka bi da tsumma, aka jira ya bushe sarai, sannan aka fara shigo da kaya wajen ƙarfe 9.

Ayyuka 32 ne: zanen fenti a kan ƙyalle 14, zayyana a takarda 8, rinannun zannuwa 4, sai ƙore da tukwane 6. Ba a taɓa guduma tukuna. Ana shimfiɗa kwali a gindin bango, a jingina kowane aiki a inda ake zaton zai zauna, a ja baya a duba, a sauya. Wannan kaɗai ya ci awa ɗaya da rabi, kuma ya cancanci haka, domin ramin da aka huda a kuskure ba ya ɓoyuwa a farin bango. Zayyanar ce ba a jingina a ƙasa ba, tunda akwai ayoyi a ciki. Tebur aka ba ta, aka kuma ware mata bangon kanta, nesa da zanen fuskokin mutane.

Awon ratayewa abu ne mai sauƙi da mutane ke tsallakewa. Tsakiyar kowane zane ake daidaitawa da idon mai kallo, ba samansa ba. Mun ja igiya a tsayin santimita 150 daga daɓe ta zagaye zauren. Ga lissafin: firem mai tsayin santimita 80, rabinsa 40, a tara da 150, samansa zai tsaya a 190. Sai a ja wayar bayansa da yatsa ta miƙe kamar an rataye, a auna tazarar da ke tsakaninta da saman firem. In ta kai 10, to ƙusa a 180 za ta shiga. Wanda ya manta da jan wayar zai ga zanensa ya sauka ƙasa da na kusa da shi. Tsakanin firem da firem mun bar aƙalla santimita 40.

Bangon bulo ne da filasta. Ƙusar siminti tana shiga, amma sau da yawa tana ɓantaro filasta kamar faɗin tafin hannu. Gara a huda da inji, baki mai milimita 6, a cusa 'yar robar da ke riƙe sukuru a bango, a ɗaura sukuru. Zanen da faɗinsa ya wuce mita ɗaya sukuru biyu ake yi masa, in ba haka ba iskar fanka ma tana karkatar da shi.

Matsala ta farko daga kafinta ta zo. Firem uku an yi su da ɗanyen katako, bushewar hunturu ta tsotse su, kusurwoyin sun buɗe har kana hango haske. Mun matse su da gam da ƙananan ƙarafan kusurwa ta baya, amma wannan dabarar kwana biyu ce. Maganin gaskiya shi ne a sayi katakon da ya daɗe a ajiye. Ta biyu kuma wani matashi ne ya kawo zanen fentin mai da ya gama kwana huɗu da suka wuce, zanen mahaya dawakin hawan sallah, kyakkyawa ƙwarai. Fentin mai yana iya ɗaukar sati biyu kafin samansa ya daina kama yatsa, inda ya yi kauri kuwa watanni. Ya naɗo shi a leda, ledar ta manne a wuri biyu, ƙura ta zauna a sauran. Ba a goge shi da komai. An ɗaga ledar a hankali, an rataye shi can ciki inda ba ƙofa ba taga, aka ce masa ya manta da maganar shafa masa man ƙyalli sai bayan wata shida.

Zayyanar ta fi komai cin lokaci, kuma a nan ne nake ganin masu shirya baje koli suka fi yin ɓarna, saboda suna ɗaukarta kamar hoton da aka wanko a situdiyo. Tawadar alarammomi gawayi ne ko baƙin tukunya da ƙaro, ruwa ne ya haɗa ta, ruwa kuma ke narkar da ita. Yatsa mai gumi ya isa ya ja layi. Biyu daga cikin takardun an liƙa su da salatif a kusurwa, wanda bayan 'yan shekaru yake komawa ruwan ƙasa ya bar tabon da ba ya fita. An kuma kwantar da gilashi kai tsaye a kan rubutun. Da damina danshi yana taruwa a bayan gilashi, ƙaron ya yi laushi ya kama shi, ranar da aka buɗe sai rubutu ya biyo gilashi. Mun yanka kwali mai kauri, muka yi masa taga, muka sa tsakanin takarda da gilashi, takardar kuma muka riƙe ta da 'yan aljihunan takarda a kusurwoyi huɗu, ba gam a jikinta.

Dattijon da ya yi zayyanar yana zaune a kujera yana kallo. Na ce, “Alaramma, a gafarce mu, za mu ɗan buɗe firem ɗin nan.” Ya ce, “Buɗe, yaro, amma mai alwala ya riƙe takardar.” Haka aka yi.

Zannuwan rinin daga marinar Ƙofar Mata suke, wadda aka rubuta a ƙofarta cewa tun 1498 ake aiki a wurin. Rinin baba yana zuba, musamman wanda ya sha bugu yana ƙyalli. Ka jingina shi da farin bango minti biyar, ka ɗaga, ka ga shuɗi. Don haka ba a kafa shi da ƙusa. An ɗinka ƙyalle daban a bayan bakin kowane zane kamar gidan mazagi, aka zura sanda, aka rataye sandar da tazarar yatsu huɗu daga bango. Nauyin ya rabu daidai, zaren ba zai ja a wuri guda ba.

Ƙorai an ɗora su a kan gammo don kada su mirgina, nesa da taga, saboda rana da iskar hunturu suna tsaga su. Tukwanen ma gammo ne, a kan akwatin katako mai tsayin ƙugu, da buhun yashi a cikin akwatin don kada yaro ya ture. Wani ya so a ajiye su a lungu, wai ai kayan kasuwa ne. Aka tuna masa Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20: da hannu ta koyi ginin tukunya irin ta Gwari kafin ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Bature Michael Cardew a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, a 1954, kuma tukwanenta sun je baje koli har London. Tukwanen suka dawo tsakiyar zaure.

Bayan la'asar aka koma kan fitilu. Fitilar da ta haska gilashi kai tsaye fuskar mai kallo take nuna masa. Daga sama ake karkato ta kamar digiri 30, hasken ya faɗi ƙasa. Mun cire ƙwayaye biyu masu zafi da ke saman zayyana muka sa LED. An ɗauke wuta sau ɗaya muna ciki, abin da ya nuna mana kusurwar gabas duhu take yi ɗungum, sai aka tanadi fitilun caji guda uku.

Takardun bayani su ne na ƙarshe: sunan mai aiki, sunan aikin, abin da aka yi shi da shi, girmansa, shekara, da farashi ga na sayarwa, da Hausa da Turanci. Duk a hannun dama, a tsayi ɗaya, santimita 130. Biyu sun fito da kuskuren suna, sai da safe a sake bugawa. Jajayen ɗigon da ake manna wa wanda aka saya suna cikin aljihun tebur.

Kafin magariba aka toshe ƙasan tagogi da tsumma, aka lulluɓe ƙorai da tukwane da farin ƙyalle. Zanen dawakin kuwa ba a ɗora masa komai ba, don komai ya taɓa shi zai manne.