Giram Hamsin Da Na Manta A Cikin Kofi

Shekarata ta farko ke nan da fara koyar da kemistiri a wata makarantar sakandare ta gwamnati, kuma har yau idan na rubuta Q = mcΔT, wato ƙa'idar lissafa yawan zafi, a kan allo sai na ji wani abu ya tsaya mini a wuya. Ba ƙa'idar ce ta ba ni wahala ba, domin tun ina ɗalibi na san cewa giram ɗaya na ruwa yana buƙatar jul 4.2 (jul shi ne ma'aunin makamashi) kafin zafinsa ya ƙaru da digiri ɗaya. Harafin m ne ya kayar da ni, wato nauyin abin da ya ɗauki zafin.

Lokacin hunturu ne, na shiga ɗakin gwaje-gwaje da 'yan aji biyu na babbar sakandare domin mu auna zafin da ke fitowa idan asid ya haɗu da kishiyarsa. Muka zuba mililita 50 na asid ɗin HCl a cikin kofin roba, muka ƙara masa mililita 50 na kishiyarsa NaOH, kowannensu mai ƙarfin mol ɗaya a lita (mol shi ne ma'aunin yawan sinadari). Ma'aunin zafi ya tashi daga digiri 24 zuwa 30.5, wato ƙarin digiri 6.5. Yara suna ta leƙe, ni kuwa na ɗauki alli cikin gadara na rubuta 50 sau 4.2 sau 6.5, na sami jul 1,365, na raba da mol 0.05 na ruwan da aka samar, amsa ta fito kilojul 27.3 a kowane mol. Littafinmu kuwa kusan 57 ya ce.

A nan ne na yi abin da ya fi kuskuren muni. Maimakon in tsaya in tambayi kaina inda rabin zafi ya shiga, sai na ɗora wa iskar hunturu laifi, na ce tagogi a buɗe suke, kofin ba shi da murfi, zafi ya tsere. Bayanin ya yi daɗi a baki, yara suka kwafa a littattafansu, washegari kuma na maimaita shi a ɗaya ajin ba tare da ko ɗar ba.

Bayan mako uku na ba da gwaji da irin wannan tambaya. Wata yarinya mai zama a layin baya, wadda ba ta cika magana ba, ta yi amfani da giram 100, ta sami jul 2,730, wato kilojul 54.6 a kowane mol, har ta sa alamar ragi a gaba domin nuna cewa zafi fita ya yi. Na ja mata jan biro, na zabtare mata maki shida. Da aka tashi ta same ni a ofishin malamai, ta ɗan rusuna, ta ajiye takardar a gabana, ta ce: "Malam, don Allah ina da tambaya. Da muka sa ma'aunin a cikin kofi, asid kaɗai ya auna, ko duka ruwan da muka haɗa?" Ban iya ce mata komai ba sai da na yi shiru na ɗan lokaci. Ruwa biyu aka zuba, duka biyun suka yi zafi tare, mililita 100 ke nan, kuma tunda muna ɗaukar nauyinsu daidai da na ruwa, giram 100 ne.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, ma'aunin zafin ya faɗa mini gaskiya tun ranar farko. Da a ce ba a yi asarar komai ba, ƙarin da ya kamata a gani shi ne kusan digiri 6.8, mu kuwa mun sami 6.5. Ashe abin da kofi da iska suka ci bai wuce kashi biyar cikin ɗari ba. Da rabin zafin ne ya tsere kamar yadda na yi ta faɗa, da ma'aunin bai wuce ƙarin digiri uku da rabi ba. Lissafin minti ɗaya ne, amma ban yi shi ba, saboda na riga na sami uzurin da ya rufa mini asiri.

Yanzu kafin ɗalibi ya taɓa na'urar lissafi, sai na sa shi ya rubuta da kalmomi abin da ya ɗauki zafin da kuma nauyinsa. Sauran tarkunan, kamar haɗa giram da 4,200 wanda na kilogiram ne, ko ƙara 273 a kan bambancin zafi alhali bambancin ɗaya ne a ma'aunin Salsiyos da na Kelbin, ina ambatarsu, amma ba sa tayar mini da hankali kamar wancan. Kuma na hana kowa rubuta "asarar zafi" sai ya nuna mini da alƙalumma nawa aka yi asara.

Ranar Litinin da ta biyo bayan tambayar yarinyar na shiga azuzuwan biyu, na sa kowa ya buɗe littafinsa ya soke 50 ya rubuta 100, na gaya musu wadda ta gano kuskuren. Takardu tamanin da 'yan kai na sake dubawa a daren nan, na mayar mata da makinta shida, sauran kuma na bar musu nasu, tunda abin da na koya musu suka rubuta.