Kanazawa, inda ake ɗinke tangaran da ruwan itace

Ruwa ake yi lokacin da jirgin ƙasa ya sauke mu a Kanazawa, bayan tafiyar kamar awa biyu da rabi daga Tokyo. Ɗan 'yar'uwata da ke karatu a Japan, wanda shi ne tafintana, ya ce, "Kawu, haka garin yake. Su da kansu cewa suke yi gara ka mance da abincin ranarka da ka mance da lema."

Abin da ya kawo mu kintsugi ne, sana'ar gyaran fasasshen tangaran wadda ake bin tsagin da zinariya. Kafin mu taso sai da muka leƙa babban gidan tarihi na Ueno a Tokyo, inda ake ajiye da wani koren kwanon shayi ɗan ƙasar Sin mai suna Bakohan. Ana ba da labarin cewa a ƙarni na 15 ya tsage a hannun mai mulki Ashikaga Yoshimasa, ya aika da shi Sin a musanya masa, aka rasa irinsa, sai aka ɗaure tsagin da ƙusoshin ƙarfe aka maido masa. Wasu na cewa daga nan masu sana'ar Japan suka shiga neman gyaran da ya fi wannan kyau. Ni dai ɗaurin ƙarfen gyartai ya tuna mini, yadda yake huda ƙwarya ya ɗinke ta, uwargida ta ci gaba da tallar nononta.

Wurin da muka je ɗan ɗaki ne a saman bene, kusa da tsohuwar unguwar Higashi Chaya. Mai wurin dattijuwa ce, ba ta da yawan magana. Muna zama ta miƙo mana safar hannu, domin ɗanyen urushi, wato ruwan itacen da ake aikin da shi, yana fesa wa mutum ƙuraje masu ƙaiƙayin tsiya in ya taɓa fata. Sannan ta ɗauko wani kofin Kutani, irin tangaran ɗin yankin, wanda ya rabu gida uku.

A nan idona ya buɗe. Zinariyar da ake ta ɗauka a hoto ba ita ke riƙe kofin ba. Ta kwaɓa garin alkama da ruwa, ta zuba urushi, ta yi ta murzawa har ya yi danƙo, da shi ta manna gutsattsarin kofin. Inda ɗan guntu ya ɓalle ya ɓace kuwa, da garin yumɓu mai laushi haɗe da urushi ake cikewa. Daga nan sai kofin ya shiga wani akwatin katako da ake jiƙa cikinsa, ana ce masa muro. Urushi ba ya bushewa a rana ko iska. Danshi yake so, kamar kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari, da ɗan ɗumi, sannan ya ƙame. Sai na gane amfanin ruwan saman garin nan. Kofi kan yi makonni a ciki, a fito da shi a goge da gawayi, a sake shafawa, a sake mayarwa. Gyara ɗaya yakan ci wata biyu ko uku. Sai a ƙarshen ƙarshe ake jan siririn layi da jan urushi, a barbaɗa garin zinariya da ɗan curin alharini tun bai gama ƙamewa ba, daga baya a goge. Ta nuna mini abin gogewar, haƙorin kifi ne a bakin ɗan sanda.

Zinariya ba ta yi wa Kanazawa wuya ba, kusan duk fallen zinariyar da ake bugawa a Japan daga nan yake fitowa. Ruwan itacen ne abin damuwa, kuma a kansa ne dattijuwar ta saki baki. Bishiya sai ta shekara 10 zuwa 15 kafin a fara tsaga ta, duk abin da za ta bayar a kakar nan bai wuce giram 200 ba, daga nan a sare ta. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na urushin da Japan ke amfani da shi daga waje ake shigo da shi, galibi daga Sin, na gida kuwa mafi yawansa daga Joboji ne, can arewa a Iwate. Shi ya sa nake jin ciwon irin azuzuwan da ake buɗe wa baƙi, inda ake liƙa kofi da gam na kanti a shafa ruwan gwal, cikin awa biyu an tashi. Wanda ya koyi wannan ya tafi da ƙyalƙyalin, bai taɓa sana'ar ba.

Ta kuma yi maganar Wajima, garin masu kwanukan urushi a yankin Noto, arewa da nan. Girgizar ƙasar ranar 1 ga Janairu 2024 ta rusa ɗakunan aiki da yawa, gobara ta cinye kasuwar safen garin, wasu masu sana'ar suka yi hijira zuwa Kanazawa.

Na taho da wani kofin shayi na mahaifiyata da hannunsa ya karye, amma zinariya ta tsaya mini a rai, tunda mu an hana mu ci da sha a ƙoƙon zinariya. Sai na tuna hadisin Anas, cewa kofin Manzon Allah (SAW) ya tsage aka ɗaure wurin da azurfa. Na ce yaron ya tambaye ta. Ta ce ana yi da azurfa, ana ma barinsa da baƙin urushi ko ja kawai, ƙarfinsu ɗaya ne. Ta gargaɗe ni cewa azurfa na yin duhu da daɗewa. Na ce na yarda. Ta rubuta adireshin ɗan 'yar'uwata, ta ce kada mu sa rai kafin wata uku, muka sauko muka nufi kasuwar Omicho neman kifi.