Abin da na koya game da tiyatar ciwon jijiyar fuska

A aikin jinya a sashen tiyatar ƙwaƙwalwa, ban ga ciwon da ke hana mutum sakat ba kamar na jijiyar da ke kai ji zuwa goshi, kunci da muƙamuƙi. Galibi a gefe ɗaya yake kamawa, kamar lantarki ya ja mutum. Ruwan alwala ko asuwaki kaɗai kan tayar da shi. Wasu ma sai an cire musu haƙora lafiyayyu kafin a gane ba daga haƙori ba ne, abin da ke ci mini rai ke nan.

Da ƙwayar carbamazepine ake farawa. Sai ta daina aiki, ko jiri ya yi yawa, ake maganar tiyata.

Tiyatar da sauƙinta ya fi daɗewa ita ce ta bayan kunne. Likita zai huda ƙoƙon kai kaɗan, ya nemo jijiyar jinin da ke gugar jijiyar fuskar a duk bugun zuciya, ya ɗaga ta, ya cusa ɗan ƙyallen Teflon, wata irin roba mai laushi, a tsakani. Peter Jannetta ne ya yaɗa wannan hanya a Amurka, kuma binciken da shi da abokan aikinsa suka fitar a 1996 ya nuna kusan kashi 70 cikin 100 ba sa jin ciwon bayan shekara 10. Amma tana iya taɓa jin kunnen wannan gefen, kuma ba kowane tsoho zai jure doguwar allurar barci ba.

Irin waɗannan, ta kunci ake bi da allura, kusa da gefen baki, har gindin ƙoƙon kai, a raunata jijiyar da zafi, ko da gilisarin, ko a matse ta da ƙaramin balan-balan. Akwai kuma Gamma Knife, na'urar da Lars Leksell na Suwidin ya ƙirƙiro, wadda ke harba wa jijiyar hasken radiyeshon, babu yanka, sai dai sauƙin kan ɗauki makonni ko watanni.

A hanyar allura na fi ɗaukar darasi. Ciwon kan tafi nan take, amma kunci yakan mutu, wato ya daina jin taɓi, wani lokaci ya daɗe a haka. Wanda ba a faɗa masa ba tun farko gani zai yi an nakasa shi. Shi ya sa nake zama da mara lafiya kafin ya sa hannu. "Baba, ciwon zai kwanta in sha Allah, amma za ka iya cizon kuncinka ba ka ji ba, kuma zai iya dawowa." In mutuwar ta kai ido, nakan nuna wa mai jinya yadda zai riƙa duba shi kullum, don ƙura za ta shiga Baba bai sani ba.