Gonar kifi a tsakiyar tafki: abin da na gano a Ganvie

Kawuna dillalin motoci ne, shekara da shekaru yana sauka Kwatano yana ɗauko wa mutanen Haɗeja da Gumel motoci. Ni kuwa malamin firamare ne a ƙauyenmu, can gabas da Haɗeja ta wajen Kirikasamma, inda ruwa ke raba mu da titi duk damina. Da aka yi hutun ƙarshen shekara sai ya ce in raka shi, ko ba komai na riƙe masa jaka, na kuma buɗe ido. Takardun motar da ya saya suka maƙale a hannun wani wakili mai yawan "gobe da safe", muka zauna a Zango ba aikin fari balle na baƙi. Wani yaro da ke kawo mana shayi, haifaffen can amma iyayensa mutanen Maraɗi ne, yana jin Faransanci da yaren Fon, shi ya ce tunda ni ɗan masunta ne bai kamata in koma gida ban ga Ganvie ba, garin masunta da aka gina a kan ruwa a nan ƙasar Benin.

Kawu ya ce shi ba inda za shi. "Ruwan gida bai ishe ka ba, sai ka biya kuɗi ka je kallon na wasu?" Da gari ya waye shi ya riga ni saka takalmi.

Daga Kwatano mota ake shiga zuwa Abomey-Calavi, a bakin tafkin Nokoue. A nan tashar jiragen take, kuma tun kafin ka hango ruwa ƙarnin kifi ya sanar da kai ka iso. Mata ne ke da wurin. Su ke tarbar kwale-kwalen da suka kwana a ruwa, su ke ciniki, su ke ƙirga kuɗi. Akwai ofishin da ake yankar tikiti, a haɗa ka da jagora da matuƙi, ka zaɓi jirgi mai inji ko na hannu. Muka ɗauki mai inji. Da aka miƙo rigar ruwa Kawu ya zura ba gardama, domin tun hatsarin jirgin Bagwai a 2021, wanda ya ci 'yan makarantar Islamiyya a ruwan Watari, ya daina wasa da jirgi. A gida har gobe mutum zai shiga kwale-kwale da babur da buhunan shinkafa da akuya, idan ka ambaci rigar ruwa a yi maka dariya.

Tafkin faɗi gare shi amma ba zurfi. A wurare da yawa namiji zai iya tsayawa kansa a waje. Kogin Oueme da kogin So ke zuba masa ruwa daga arewa, ta kudu kuma akwai mashigar da Faransawa suka haƙa a 1885 wadda ta haɗa shi da teku a Kwatano. Saboda haka ruwan fuska biyu gare shi. Idan koguna suka kawo, ruwan daɗi ne, sai wata irin kainuwa mai shuɗin fure ta rufe hanyoyi har jirgi ya rasa wajen bi. Idan rani ya yi gishirin teku ya shigo ya kashe ta. Na tsoma yatsa na ɗanɗana, na ji gishiri-gishiri ya fara. Na yi musu sha'awar wannan, don mu kachalar da ta cinye mana hanyoyin ruwa tun bayan da aka tare kogi a Tiga a 1974 da Challawa a 1992 ba ta da wani gishirin da ke zuwa ya kashe ta, sai dai gayya da lauje da ciwon baya.

Ba mu yi nisa ba na fara ganin abin da ya fi gidajen tsaya mini a rai. Ko'ina a cikin tafkin akwai wurare da aka kakkafa rassan itace da ganyen kwakwa a cikin laka, a cunkushe, wani wajen ƙarami, wani kuwa sai jirgi ya daɗe yana bin gefensa. Baƙin da ke jirgin gabanmu ko kallon wajen ba su yi ba. Ni na ce matuƙi ya rage wuta. Jagoran ya ce sunan abin akaja, yaronmu yana mayar mini da Hausa, ni kuma ina ta jero tambaya har Kawu ya ce, "Malam, jarrabawa za ka ba shi ne?"

Ga yadda abin yake. Mutum zai sayo rassa daga tudu, jirgi-jirgi, ya kafa su a wurin da yake nasa. Rassan na jiƙa sai gansakuka da ƙananan halittu su kama jikinsu, kifi ya zo ci. Da ya zo sai ya tarar da maɓoya, tsuntsu ba ya kai masa, babban kifi ba ya sakewa ya kore shi, mai birgi kuma ba ya iya jefawa don rassa za su yaga masa raga. A nan zai zauna ya yi ƙwai ya hayayyafa, galibi karfasa da dangin tarwaɗa. Ba a zuba masa dusa ko wani abincin kanti. Bayan watanni, wani har shekara, mai wurin zai tara mutane, a kewaye akajar duka da taru, a shiga ruwa a tuttumɓuke rassan ɗaya bayan ɗaya ana jefawa waje, ana matse tarun a hankali har kifin ya taru a lungu guda a kwashe. Mun ci sa'a mun tarar ana wannan aiki. Maza kusan goma cikin ruwa iya ƙirji, jikinsu duk baƙar laka, wani dattijo a kan kwale-kwale yana ba da umarni da hannu, mata kuma sun yi layi da jiragensu a gefe da manyan robobi suna jira. Wani saurayi ya nutse ya taso da reshen da ya ruɓe, ƙaguwa maƙale a jiki, ya fizge ta ya jefa wa wata yarinya a jirgi ko waiwayowa bai yi ba.

Gona ce sosai, da mai ita, da iyaka, da jari, da ranar girbi, har da gado, domin jagoran ya ce ɗa na gadon wurin ubansa, kuma ana rigima a kan iyaka har ta kai gaban manya. Mu abin da muka gada shi ne a bi kifi inda yake, da gora da koma da ƙugiya da mali, wanda Allah ya ba shi ya samu. Su kuwa sun gina masa wurin da zai zo da kansa.

Ba na cewa abin ba shi da illa. Jagoran da kansa ya faɗa. Rassan da ke ruɓewa su ke ƙara cike tafkin da laka, itacen kuma daga dazukan tudu ake saro shi, kullum sai an ƙara nisa kuma sai ya ƙara tsada. Mai kuɗi ya kama wuri babba, talaka mai birgi ɗaya ya rasa inda zai jefa. Wannan kam ban buƙaci tafinta ba, mun san irinsa a wajen masu datse hanyar ruwa da dumba.

Garin kansa sai ka shiga tsakiyarsa kake yarda gari ne. Mutane sun haura dubu 20. Gidajen a kan dirkoki suke, an kafa su cikin laka, an shimfiɗa katako a sama, bango na gora ko katako, rufi na jinka ko kwano, wasu sababbi kuma a kan ginshiƙan siminti. Dirkar itace ba ta daɗewa a ruwan gishiri, akwai tsutsar da ke cinta ta ciki, don haka gyara ba ya ƙarewa. Ba lungu, ba titi, ba inda za ka taka ka je gidan maƙwabci. Kowane gida da jiragensa a ɗaure a ƙasa, na maigida daban, na uwargida daban, na yara daban. Na ga yarinyar da ba ta wuce 'yan ajina na biyu ba, ita kaɗai a jirgi, tana tuƙi a tsaye, ƙaninta zaune a gaba da kwanon abinci a cinya. Kasuwa ma a kan ruwa take ci, kowace mace da hajarta a cikin jirgi: tumatir, barkono, garin rogo, burodi, itacen girki, sabulu, man fetur a kwalabe. Akwai masallaci, akwai coci-coci, akwai masu addinin gargajiya na Vodun. Inda makaranta take kuwa ƙasa ce da aka yi ta ɗebowa a jirgi ana zubawa har ta zama tudu, don yara su sami filin da za su yi gudu.

Tarihin da ake ba kowane baƙo shi ne mutanen, 'yan ƙabilar Tofinu, gudun bauta ne ya kawo kakanninsu nan, wajen ƙarni na 17, lokacin da mayaƙan Fon ke kama mutane suna sayar wa Turawa a bakin teku. An ce addinin mayaƙan ya hana su bin mutum cikin ruwa, sai waɗannan suka shige tafki suka kafa dirka. Jagoran ya ƙara da labarin sarkinsu da ya rikiɗa ya zama tsuntsu ya gano wurin, sannan wani kada ya yi jigilar mutane a bayansa. Kawu ya yi tsaki a hankali ya ce, "Wannan kuma na masu kyamara ne." Tun 1996 garin ke cikin jerin wuraren da Benin ta miƙa wa hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana neman a sa su cikin kayan tarihin duniya.

Wurin da na fi daɗewa ina kallo bayan akaja shi ne famfo. Mutanen da ke kwana a kan ruwa, su tashi a kan ruwa, sayen ruwan sha suke yi. An haƙa rijiyar burtsatse, an jawo tiyo, jirage sun yi cincirindo, kowanne cike da jarkoki da durom na roba. Mai tiyo na tsaye a kan dakali yana cika wa mace ɗaya ya juya kan ta gaba, ana miƙa masa kuɗin sefa. Jirgin wata tsohuwa ya yi nauyi har bakinsa ya kusa shafar ruwa, ta juya shi da filafili ɗaya ta fice ta tsakanin jirage biyu ko gezau. Na tafkin ba ya shawuwa, ga gishiri, ga shi kuma duk abin da ya fito daga gida cikinsa yake faɗawa, har bayan gida. Jagoran bai kai mu ta nan da bakinsa ba, hanci ne ya kai mu.

Akwai abin da bai yi mini daɗi ba a yawon. Jirgin baƙi na matsowa sai ka ga mata sun juya baya, ko su sauke faffaɗar malfarsu su rufe fuska, yara kuma su miƙo hannu suna kiran kyauta da Faransanci. Wasu baƙin ko a jikinsu, ɗauka kawai suke yi. Na tuna 2022, da ruwa ya ci garuruwanmu muka koma kwana a makaranta da bakin titi, mutane na tsayawa da mota suna ɗaukar matanmu a waya suna sakawa a Facebook ba sallama ba tambaya. Na mayar da wayata aljihu, sai a wajen masu akaja na fito da ita, bayan yaronmu ya nemi izinin dattijon ya ɗaga hannu. Sauran yawon na shagon tsaraba ne da wani wurin shan lemo da ake tsayar da kowane jirgi ko ka so ko ba ka so. Mun yi azahar a masallacinsu, muka juyo.

A hanyar dawowa Kawu ya ce ai maganin ambaliyarmu ke nan, kowa ya ɗaga ɗakinsa a kan dirka a huta da jinga da buhunan yashi. Ban yarda ba, har yanzu ma muna musu. Ruwansu zaunanne ne shekara duka, sun san iyakar tashinsa, abincinsu a cikinsa yake. Namu wata biyu ko uku yake yi ya tafi, wata shekarar ma ya ƙi zuwa. Mu manoma ne masu shanu da rumbu, ginin ƙasa muke yi don shi muke iyawa, katakon da zai ɗauki gida kuwa a Jigawa sai mai hali. Ko ka ɗaga ɗaki, ba ka ɗaga gonar shinkafa ba, kuma ita ce asarar da ke karya mutum.

Akajar ce na dawo da ita a kai. Na nuna wa Sarkin Ruwan garinmu hotunan, wanda abokin mahaifina ne, ya daɗe yana jan hoton da yatsa yana ƙara girmansa. Ya ce su ma a da suna jefa ƙaya a gurbin da ba ya ƙafewa don hana ɓarayin dare jefa birgi, kuma sun lura kifi ya fi taruwa a wurin, amma ba wanda ya taɓa ɗaukar abin sana'a. Sai ya jero mini nasa tambayoyin: wa zai yi gadi, wa zai hana masu zuba magani a ruwa, kuma gurbin na gari ne, da wane baki za a ce wannan kusurwa ta wane ce. Na ce, "Baba, a ba ni kusurwa ɗaya ta gwaji, abin da aka samu a raba da masallaci." Ya ce zai yi magana da mai unguwa idan ruwa ya ja baya, amma in fara nemo inda zan sami rassa amalanke biyar ba tare da na haɗu da malaman daji ba.