Kabarin da Ba Ya Haworth

Ranar Juma'ar da ta wuce na miƙa katin aiki da rigar ruwan kamfani, na yi wa direbobi sallama. Shekara biyu da wata huɗu ke nan ina yi wa masu yawon buɗe ido ja-gora zuwa gidajen marubutan Ingila, aikin da na kama don kuɗin haya ina karatu, ya zo ya kusa haɗiye karatun. Ku da kuke tambayata ko aikin ya yi, musamman ƙanin nan namu da zai gaji Asabar ɗina, ba sai na ba ku labarin tashin asuba da ƙirga kawuna a bakin mota ba. Wasunku sun yi, sun sani. Abu ɗaya ne ya daɗe yana cina, shi zan amayar kafin in tafi.

Ina wata na biyar da fara aiki wata dattijuwa daga Kanada ta aiko da imel. Tsohuwar malamar makaranta ce da ta yi ritaya. Tambayarta layi ɗaya: shin tafiyarmu ta 'yan gidan Brontë, wato marubutan nan 'yan'uwa mata uku, Charlotte da Emily da Anne, ta haɗa da kabarin Anne? Ko minti biyu ban yi ba na amsa mata da e. Me zai hana? Tun ina sakandare na karanta Jane Eyre, littafin Charlotte, a wani kwafi da bangonsa ya daɗe da fita, kundin digirina a kan Charlotte na rubuta shi, kuma na shiga da mutane cocin Haworth, garin da suka taso, ya fi sau goma ina nuna gindin ginshiƙi ina cewa ga inda iyalan suke kwance. A kaina 'yan matan nan uku kamar duwatsun murhu suke: tare suka taso, a shekara ɗaya, 1847, littattafansu suka fito, to ina za a raba su a ƙasa?

Ta zo a watan Yuni. Mu goma sha huɗu ne a motar. Ta zauna bayan direba da fararen furanni naɗe cikin jiƙaƙƙiyar jarida a kan cinyarta, duk kwanar da muka sha sai ta tallafe su da hannu biyu kamar jariri. Ranar bakina ya buɗe sosai. Muka hau titin nan mai duwatsu da ke sa tsofaffi haki, muka shiga gidan limamin coci inda iyalan suka sauka a 1820, na nuna teburin cin abincin da suke rubutu a kai suna zagaya shi da dare, na nuna 'yan mitsi-mitsin littattafan da suka ɗinka suna yara. A bakin maƙabarta na kawo rahoton Babbage na 1850, wani sufeto da ya binciki tsaftar garin, wanda nake taƙama da shi saboda sauran 'yan ja-gora ba sa ambatonsa: cewa sama da kashi 40 cikin ɗari na yaran garin ba sa kai shekara shida, kuma ruwan da ake sha ta gefen kaburbura yake tsiyayowa. Har tafi wani ya yi mini.

Muna cin abincin rana ta taɓa hannun rigata ta ce, "Ɗana, ƙarfe nawa za mu kama hanyar teku?"

Na ce, "Wane teku kuma, Mama?"

Ta ce, "Scarborough mana."

Da a nan na yi shiru, da da sauƙi. Sai na yi murmushi irin na wanda ya sani, a gaban kowa, na ce ai ba sai mun je ko'ina ba, Anne na nan cikin cocin da muka fito yanzu. Ba ta yi musu ba. Ta ajiye cokali ta ce in raka ta. Muka koma, ta tsaya a kan farantin tagullar da ke ƙasa ta ce in karanta. Suna biyu ne: Emily da Charlotte. Ta ja ni zuwa allon da ke bango, ta ɗora yatsa a layin Anne, inda aka rubuta ƙarara cewa a Scarborough aka binne ta. Sau goma ina wucewa ta gaban wannan allo ina surutu, ban taɓa karanta shi har ƙasa ba.

Ta yi mini bayani a hankali, yadda malama ke yi wa yaron da ta tabbatar ba zai ci jarrabawa ba amma ba ta so ta kunyata shi. Tarin fuka ya ci Anne, ta roƙi a kai ta bakin tekun da take so, Charlotte ta raka ta, kwana uku da isarsu ta rasu, ranar 28 ga Mayu 1849. Mahaifinsu ya riga ya binne ɗan'uwansu Branwell a Satumba, ya binne Emily a Disamba. Charlotte ta ga ba za ta kawo wa tsoho gawa ta uku cikin ƙasa da wata tara ba, ta binne ta a can. Dattijuwar nan duk ta san wannan tun kafin a haife ni. Abin da ta tambaye ni a imel shi ne ko motarmu za ta kai can, ni kuwa na amsa tambayar da ba a yi mini ba.

Tsakanin Haworth da Scarborough tafiyar kusan awa biyu ce a mota. Jirginta da sassafe zai tashi daga Manchester. Na fita waje na kira maigida, na ce a bari direba ya kai ta bayan mun sauke sauran, a cire kuɗin man daga albashina. Ya ce awoyin direba sun cika, inshora ba ta yarda ba, ya kashe waya. Da yamma kowa ya sauka, ina duba kujeru kamar kullum, sai ga furannin a inda ta zauna. Ba mantuwa ta yi ba.

Laifina ne, ban taɓa cewa ba nawa ba ne. Amma abin da ya biyo baya ranar Litinin shi ne har yau ban haɗiye ba. Maigida ya tara mu, direbobi da 'yar ofis da kowa, ya karanta imel ɗina da ƙarfi, sannan ya ce wannan shi ne illar ɗaukar mutumin da ya koyi Brontë daga nesa. Daga nesa. Kowa ya san nesan da yake nufi. Ya cire kuɗin da aka mayar wa matar daga albashina, ya ɗaure ni a kan waya mako shida ba na fita da kowa. Bai faɗi cewa duk imel ɗin da muke aikawa yana samun kwafi ba, kuma wannan ya kwana wata uku a akwatinsa. Bai faɗi cewa takardar tallan da shi ya rubuta da hannunsa tana cewa za a ga "cocin da aka binne 'yan gidan Brontë" ba, ba tare da ware kowa ba. Laifi tudu ne.

Kuma wannan mutumin ne fa yake umartar mu, in mun hau da mutane tsaunin nan zuwa kangon Top Withens, mu ce musu ga ainihin gidan da ke cikin Wuthering Heights, littafin Emily. Alhali a jikin bangon kangon akwai allon da Ƙungiyar Brontë ta kafa tun 1964, yana cewa ginin ko lokacin da yake tsaye bai yi kama da gidan da Emily ta siffanta ba, iyaka dai wataƙila yanayin wurin ne ya zauna mata a rai. Dabararsa ita ce ka tsayar da mutane ta ɗaya gefen, su yi hoto, ka juyo da su kafin wani ya zagaya. Ni na yi kuskure sau ɗaya da zuciya ɗaya aka yanke mini albashi. Shi yana sayar da nasa duk mako da rasit. Bayan na dawo daga horon waya, duk ayarin da na kai can, wurin allon nake fara tsayar da su. Ba wanda ya taɓa neman a mayar masa da kuɗi. Wasu ma sun fi jin daɗi, don a lokacin suke daina kallon duwatsu su fara kallon filin da iskar da ke neman tuge musu hula.

Na daɗe ina tunanin me ya sa kabari, duk cikin abubuwa, shi ne ya kayar da ni. Ina jin ban taɓa ɗaukar tambayar da nauyi ba ne. Mu a gida, in ka cire manya irin Hubbaren Shehu a Sakkwato, mutum nawa ne zai iya kai ka kan kabarin kakansa bayan damina goma? Addu'a muke aikawa, tana isa ko daga ina. To sai ga ni cikin mutanen da za su tara kuɗi shekara da shekaru, su tsallako teku, don su tsaya minti biyar a gaban wani dutse takamaimai, ba na kusa da shi ba. Na san littattafan, amma ban san abin da ya kawo fasinjojina ba.

A cikin makonnin nan shida na shiga jirgin ƙasa da kuɗina na tafi Scarborough. Kabarin na maƙabartar cocin St Mary, a ƙarƙashin tsohuwar ganuwa, yana kallon teku. Iskar gishiri ta cinye rubutun dutsen, yana ɓarewa kamar tsohon fenti. An rubuta ta rasu tana da shekara 28, alhali 29 ce. Da Charlotte ta dawo bayan shekara uku ta tarar da kurakurai biyar a jikinsa ta sa aka gyara, wannan ɗaya ya tsira, sai a 'yan shekarun nan aka shimfiɗa sabon allo a gabansa da shekarun daidai. Ban ɓoye muku ba, na ɗan ji sanyi: ashe ba da ni aka fara yi wa baiwar Allahn nan kuskure ba. Na ɗauki hoto na aika wa dattijuwar da ban-haƙuri. Ba ta amsa ba, kuma ban ga laifinta ba.

Sauran abubuwan ba su da yawa. In an tambaye ka a rubuce, ka karanta tambayar sau biyu, ka duba taswira kafin ka duba ƙwaƙwalwarka. A Stratford ka faɗa wa mutane tun a mota cewa New Place, gidan da Shakespeare ya saya ya ƙare rayuwarsa a ciki, lambu ne yanzu, wani limamin coci ya rushe ginin ƙarshe da ke wurin a 1759. In suka gani da idonsu kafin ka faɗa, kai za su tsana. Masu neman Jane Austen duk Bath suke ambata, amma ɗan teburin rubutunta na Chawton, kabarinta kuma na Winchester, dutsen ma bai ce marubuciya ba ce. In wani ya ce kabarin Thomas Hardy yake so, tambaye shi wanne, don tokarsa na Westminster, zuciyarsa na Stinsford. Ka yi abota da direba. Ka ajiye kwafin duk abin da maigida ya sa ka faɗa.

Akwai wani jan fayil a aljihun gaban babbar motar. Marubuta talatin da ɗaya ne a ciki, kowanne da inda aka haife shi, inda ya yi rubutu, inda yake kwance, da awa nawa ne daga ofis. Ni na haɗa shi, yawanci a cikin makonnin wayar nan, kuma duk wanda na iya zuwa na je na karanta dutsen da idona. Bara maigida ya sa aka buga shi a matsayin littafin horar da sababbin ma'aikata, sunansa ne a bango. Ƙanina, in ka buɗe shafi na huɗu za ka ga Scarborough an ja mata layi biyu da jan biro. Na cikin motar nake nufi, don bugun nasa bai fito da jan ba.