Ɗan Taurin da na ɓatar da hannuna

Mako uku na yi ina gina rukunin jarumi guda ɗaya, wato nau'in jarumin da ɗan wasa ke zaɓa, a Foundry VTT, manhajar da muke buga wasanmu a kanta ta intanet, minti biyu ya ishe ni rusa shi. Har yau idan na tuna sai na ji wani abu ya tokare mini ƙirji.

Mu biyar ne muke buga Dungeons & Dragons bugu na 5, wasan da kowa ke riƙe jarumi ɗaya a cikin labari, duk daren Asabar, ni ke jan labari, murya kuma ta manhajar hira ta Discord. Rukunai 12 da suke zuwa kyauta cikin dnd5e, tsarin dokokin wasan a Foundry, sun ishe mu, kullum mayaƙi, kullum matsafi. Ƙanena ne ya ce, "Yaya, ka yi mana Ɗan Tauri mana, wanda wuƙa ba ta cinsa." Na ce an gama.

Ginin kansa bai ba ni wuya ba. Na ɗora shi kan ƙashin bayan Barbarian, rukunin mayaƙin da ke faɗa da fushi: ɗan ludo mai fuska 12 na ƙarfin rai, zaɓen reshen rukuni a mataki na 3, sara biyu a mataki na 5, ƙarin ƙarfi a 4, 8, 12, 16 da 19. Maimakon fushi sai na ba shi kirari. Idan ya yi kirarinsa, sara da suka rabi kawai suke yi masa. Abu ɗaya da ya ɗan tsayar da ni shi ne gurbin sunan shaida, wanda ba ya karɓar haruffanmu masu lanƙwasa. Dole na rubuta dan-tauri, sannan duk lissafin da ke ƙaruwa da mataki ya bi wannan suna, kamar @scale.dan-tauri.kirari. Harafi ɗaya ya kuskure, lissafin ya tashi babu komai, reshen ma ya ƙi gane uwarsa. Wannan ƙaramin ciwon kai ne.

Babban shi ne wurin da na ajiye kayan.

Kundin rukunai na dnd5e a kulle yake zuwa. Ni kuwa ina son in ga Ɗan Taurina a jere da sauran, kamar da shi aka haife su. Sai na buɗe makullin. Wani gargaɗi ya fito a allo, na danna shi ya wuce kamar yadda muke danna duk wani gargaɗi, ko layin farko ban karanta ba. Na zuba rukunin a ciki, na zuba baiwarsa, wato iyawar da yake samu a kowane mataki, ta mataki 1 zuwa 20 a kundin baiwa na tsarin, ɗaya bayan ɗaya, da bayani da hoto. Wata rana har aka kira assalatu ina kai.

Ran wata Juma'a na ga sabon zubin dnd5e ya fito, na danna sabuntawa, na tafi sayo burodi. Ashe kundin nan ba nawa ba ne, na tsarin ne, kuma duk sabuntawa sabon kundi ake shimfiɗawa a kan tsohon. Abin da gargaɗin ke faɗa ke nan. Na dawo na buɗe, rukunai 12 cif, kamar ban taɓa wucewa ta wurin ba. Na rufe na sake buɗewa har sau uku, wai ko idona ne.

Abin da ya ɗan cece ni, duk abin da ka ja ka ɗora kan takardar jarumi kwafinsa ne yake zama a can. Jarumin ƙanena yana mataki na 5, don haka rukunin da baiwar mataki 1 zuwa 5 suna nan a jikinsa. Na jawo su na zuba a sabon kundi, wannan karon na duniyar wasanmu, wanda sabuntawa ba ta taɓawa. Amma daga 6 zuwa 20 sun tafi. Shafin ƙarin mataki yana nan yana nuna adireshin abubuwan da babu su, domin da lambar shaida yake kiransu, ko ka sake ƙirƙirar baiwa da suna iri ɗaya ba zai gane ta ba. Sai da na goge kowane layi na sake jawowa da hannu.

Kuma ban rubuta dokokin a ko'ina ba. Kai tsaye nake tsara su a ciki. Baiwar mataki na 14 har yau ban tuna yadda na daidaita ta ba, na dai san ta fi wadda na sake yi daɗi.

Yanzu dokokin a fayil na daban nake fara rubuta su kafin in taɓa Foundry. Baiwa nake fara zubawa a kundina, sannan rukuni, don kada adireshi ya canja. Kafin kowace sabuntawa ina ajiye kwafin duniyar gaba ɗaya, maɓallin yana nan a shafin farko tun tuni, ni ne ban taɓa kula shi ba. Makullin kundin tsarin kuwa ko da wasa.

Daren Asabar ɗin na ba su labari. Ƙanena ya yi shiru, can ya ce, "Yaya, ashe Ɗan Taurin naka ƙarfe ne kawai ba ya cinsa." Har yanzu yana mataki na 5, na hana shi hawa sai na gama na 6 yadda nake so.